Leonila Mai Safar Gwiwa

A garinmu gangara ce ke tsufar da mutum tun kafin shekaru su iso. Gonakin kofi duk a rataye suke a jikin duwatsu. Mutum zai yini yana tsinka, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kwando ɗaure a ƙugu, da yamma kuma ya saɓi buhu ya gangaro da shi. Kafin ya cika hamsin gwiwa ta fara yi masa ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Shi ya sa babu gidan da ba a san Leonila Zuluaga ba, tun daga dandali har gonar ƙarshe da ke shiga cikin gajimare. Ita ce mai saƙa safar gwiwa, irin mai roba a ciki, wadda ke matse gaɓa ta riƙe ta. Tana yin ta gwiwar hannu da ta idon sawu ma, amma da gwiwa aka san ta.

Ni ce Berenice, mai gasa arepa, wainar masarar garinmu, a bakin dandali. Shekara arba'in da ɗaya muna tare da ita. Ni na riƙe 'yarta Yolima ranar baftisma, kuma tun daga ranar muke kiran juna komadre, ko da muna cikin faɗa, wanda mun sha yi. Mun taɓa yin wata biyu ba ma magana saboda ta ce gishirina ya yi yawa, amma duk safiya sai ta aiko a saya mata arepa uku, ni kuma sai in zaɓa mata waɗanda suka fi gasuwa. Yanzu ba ta nan. Tana birnin Manizales, a hawa na shida na wani dogon gini, kuma da hannuna a tafiyar tata. Gara in faɗi abin yadda ya faru kafin masu ƙarin gishiri su riga ni.

Tana da shekara goma sha shida ta tafi birnin Medellín, ta shiga wata masaƙa da ke yin robar siket da bandejin asibiti. Shekara goma sha ɗaya ta yi a gaban inji. Can ta koyi sanin roba yadda ni na san masara. Ta ja zare da yatsa biyu, ta kai hanci, wani lokaci ta ɗan ciza, ta ce maka wannan zai yi shekara uku, wancan kuwa ko bikin Ista ba zai gani ba. Ta dawo mana da abu biyu, miji da keke. Mijin shi ne Aristóbulo mai alfadarai, dogo marar surutu. Ɗan garin nan ne fa, amma sai da ya kai kaya birni suka ga juna. Keken kuwa ɗan ƙaramin injin saƙa ne, zagaye da allurai, wanda ake juyawa da hannu, masaƙar ta fitar da shi za ta zubar. Aristóbulo ya ɗaure mata shi a jikin teburin baranda. In iska ta juyo, daga rumfata ina jin ƙararsa, cakar-cakar-cakar, in san komadre ta tashi lafiya.

Zaren nata ba irin na yanzu ba ne. Robar bishiya ce ta gaske, siririya, an naɗe ta da auduga sau biyu, naɗi ɗaya ya yi dama ɗaya ya yi hagu, don kada ta taɓa fata kuma kada ta warware. Da shi take haɗa auduga zalla ta saƙa jikin safar, ta sa ɗan nailan a baki don kada ya cinye da wuri. Mutanen can sama, inda sanyi ke shiga ƙashi, takan ƙara musu ulu. Ƙasan safar ya fi matsewa, saman ya ɗan saki, wai don jini ya samu hanyar komawa, bayan gwiwa kuma ta yi shi shara-shara don kada ya ci mutum in ya durƙusa. Mazan garin nan kuwa duk tunaninsu ɗaya ne, abin da bai matse har ido ya fito ba bai yi aiki ba. Kowa ya zo sai ya ce, "Doña Leonila, a ƙara matsewa." Ita kuma ta ce to, ta saƙa daidai yadda ta yi niyya, ta miƙa masa ta ce ta ƙara. Su tafi suna yabawa.

Doka uku take ba kowa, kuma ba a hankali take faɗa ba: ban da rana, ban da wuta, ban da mai. A wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. To ina! Mu da muka saba duk abin da ya jiƙe a hau da shi rufin shanyar kofi? Mu da kowace kaka tana da kwalbar man shafawa a ƙarƙashin matashi? Don Eliécer Ocampo, mai gona a hayin rafi, ya taɓa dawo da tasa bayan wata biyu, ta saki kamar bakin buhu.

"Doña Leonila, kayanki na bana ba su da ƙarko."

Ta karɓa ta shinshina. "A ina ka shanya?"

"A inuwa mana, yadda kika ce."

"Inuwar me?"

"Cikin kicin."

"Don Eliécer, safar nan warin tsiran alade take yi."

"To ai igiyar a kan murhu take, nan muke rataye komai."

"Madalla. Sai ka kai wa matarka ta yanka maka a cikin wake, tunda ta riga ta dahu."

Ta saƙa masa wata, amma sai da ya sha faɗan da har direbobin dandali suka ji.

Abin da ya raba ta da kowa shi ne awo. Ran Lahadi motocin jif ke sauko da mutane kasuwa, a cike har kan rufi, kowa ya ɗingiso wurinta yana so a auna shi nan take ya koma. Ba ta yarda. Ta ce gwiwar da ta riga ta taka ƙasa ta kumbura, in ka auna ta ƙarya za ta yi maka, ka ɓata zare a kan abin da zai zame. Awo sai da sassafe, mutum na kwance bai sauke ƙafa daga gado ba. Tunda kuwa gado ba ya zuwa kasuwa, ita ke zuwa wurin gado.

Takan aika saƙo ta bakin direba: ran Laraba ina tafe, kada ya kuskura ya tashi. Zakara na cara ta kama hanya. Sau da yawa na raka ta, lokacin ina da ƙafa, don in sayo cuku da ƙwai a gonaki. Allah sarki, waɗannan safiyoyi! Gajimare na kwance a kwari a ƙasa da mu, raɓa ta jiƙa mana siket, ƙanshin hayaƙin itace da ruwan mazarƙwaila ya tarbe mu tun ba mu hango gidan ba. Mu shiga mu tarar da ƙaton namiji, wanda in ya daka tsawa alfadari ke rawar jiki, kwance ɗai-ɗai a cikin bargo, fitsari ya cika masa mara, matarsa na bakin ƙofa tana dariya har da hawaye.

"Doña Leonila, don girman Allah yi sauri."

"Kwanta! Miƙe ƙafar. Saki jikinka, ba yanka ka zan yi ba."

"Tun ƙarfe huɗu nake riƙe da shi."

"Ƙara minti biyar. Matarka ta riƙe maka 'ya'ya takwas, wata tara-tara, ga ta nan ba ta mutu ba."

Ba ta amfani da tef ɗin tela. Kirtani take zagayawa, sama da gwiwa, kan ƙoƙon, da ƙasa, ta ƙulla kowane wuri, ta ɗaura ɗan ƙyalle mai launi don ta gane mai shi. Ana gamawa mutum ya dira ya nufi bayan gida a guje, mu kuma a zaunar da mu a kicin, a kawo waken jiya da aka ɗumama da shinkafa, da ƙwai, da arepa mai zafi. Ba na yaba arepar kowa, amma ta hayin rafi ina cinyewa. In za mu tafi a cika mana jaka da lemo da ayaba, wani lokaci har da kaza a ɗaure. Mu gangaro rana na fitowa, Leonila na gaba tana ba ni labarin gwiwar kowa. Ta san wanda ya faɗo daga doki yana yaro, ta san wadda ke ɓoye wa mijinta ciwo don kada ya hana ta zuwa tsinka. Akwai waɗanda in ta taɓa sai ta naɗe kirtaninta ta ce, "Wannan ba ta safa ba ce, ta likita ce," kuma ko za su yi kuka ba za ta saƙa ba.

Shekara ashirin da wani abu tana wannan hawa da sauka. Sai abubuwa suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Aristóbulo ya kwanta ciwon ƙirji sati biyu, ya tafi. Yolima ta yi karatu ta samu aiki a Manizales. Masaƙar Medellín ta rufe. Da Leonila ta ji labari ta shiga mota ta je ta kwaso abin da ya rage na zaren, ta barbaɗe shi da hoda, ta rufe a gwangwanayen biskit, ta tura ƙarƙashin gado inda haske ba ya kaiwa. Kantin magani kuma ya fara kawo wata baƙar safa mai kauri, ta robar sinadari, iri uku kacal: ƙarama, matsakaiciya, babba. Leonila ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu ta ce, "Wato duk gwiwoyin duniya uku ne?" Amma matasa ita suke saye, don ba sai sun kwanta sun jira tsohuwa ba. In za a faɗi gaskiya tana yi wa wasu aiki, ko da yake zufa take tarawa, wasu ma ta feso musu ƙuraje. Tsofaffin da suka saba da hannun Leonila suna ta raguwa, gwangwanayen ma haka, har ya zama saura ɗaya.

Gwiwoyinta kuma suka kawo nasu kukan. Gidanta na can saman gari, mataki casa'in da huɗu daga bayan coci. Matakan na dutse ne, Aristóbulo ya jera su da hannunsa, alfadaransa suka yi jigilar duwatsun daga rafi. Tana son gidan nan fiye da yadda zan iya faɗa. A nan ta haihu, a nan mijinta ya cika, kuma daga barandar tana hango kusan duk gonakin da ta taɓa takawa. Ta rage saukowa, daga kullum zuwa Lahadi, daga Lahadi zuwa in ta kama dole. Ban taɓa ganin safa a ƙafarta ba. In na yi magana ta ce zaren da ya rage na masu shiga gona ne.

A ruwan Oktoba na bara waccan ta zame a mataki na bakwai daga sama. Ta zauna cikin ruwan kusan awa guda kafin mai kawo tukunyar gas ya gan ta. Ba ta karye ba. Amma washegari Yolima ta iso, da irin fuskar da na san a wurin uwarta ta gada.

"Mama, haɗa kayanki. Gidana akwai lif, asibiti na kusa."

"In yi me a can? In zauna ina kallon bango?"

"Ki zauna da ranki."

"Nan ma da raina nake."

Yolima ta juyo wurina, ta kira ni da sunan da ake kiran uwar baftisma. "Madrina, ki yi mata magana mana."

Na ce, "Ni? Shekara arba'in ina yi mata magana, kin taɓa ganin ta ji?"

Suka yi ta ja har kofi ya huce a kofuna. Ƙarshe Yolima ta ce to, ga sharaɗi. Za ta dawo Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti. In uwar ta sauka coci ta dawo da ƙafarta, sanda kawai, ba wanda ya riƙe ta, za ta bar ta a gidanta, ba za ta ƙara tayar da maganar ba. In ta kasa, mota ɗaya za su shiga. Leonila ta ce ta yarda. Ita kuwa ba ta cewa ta yarda ta dawo ta ce wasa take yi.

Yolima na tafiya Leonila ta ce da ni, "Komadre, gobe ki hawo kafin ki hura wuta."

"In yi miki me?"

"Ki auna ni. Mutum ba ya auna kansa. In na sunkuya naman ƙafar ya ɗaure, awon ya ɓaci."

Na hau ina haki. Na tarar da ita kwance, kirtani a kan ƙirji, ta yaye bargo. Wayyo Maryamu! Ban taɓa ganin gwiwoyinta ba sai ranar, kullum cikin dogon siket suke. Sun kumbura sun karkace, ta hagun ta leƙa waje, ƙwaurin kuwa ya tsotse. Na tsaya sororo.

"Kallo kika zo ko awo?"

"Nila, haka kike fama ba ki faɗa ba?"

"Sama kaɗan. Yatsa huɗu daga ƙoƙon. Naki gajeru ne, sa biyar. Kada ki ja! Ba buhun masara kike ɗaurewa ba."

Sau uku ta sa na kwance ƙullin na sake, kuma ko a na ukun cewa ta yi, "To, a haka dai."

Ta jawo gwangwani na ƙarshe ta buɗe. Zaren ya tsufa, wani wurin in ta ja sai ya tsinke, dole ta bi shi kamu-kamu tana ware mai rai daga matacce. Abin da a da take gamawa a yini biyu ya ɗauke ta kwana tara. Kwana taran nan ina jin keken daga rumfata, karo na farko cikin shekaru, har nakan rage wutar murhu don in saurara. Da ta cire safa ta biyu, abin da ya rage a gwangwanin ko ɗaurin gashi ba zai yi ba. Amma kai, sun yi kyau! Farare tas, da ɗan jan layi a baki, kuma da ta sa su suka zauna ɗas.

Ta fara gwaji. Mataki goma ta dawo. Bayan kwana uku, ashirin. Safar ba ta mayar mata da gwiwar budurwa ba, amma ta hana gaɓar rawa, ta ba ta ƙarfin halin ɗora nauyi a kai. Ranar ƙarshe ta Nuwamba ina juya arepa na ɗaga kai, sai ga ta a bakin dandali tana dogara sanda, hanci a sama. Direbobin jif suka dinga danna hon. Don Eliécer, wanda shi ma yanzu sanda biyu yake dogarawa, ya jingina ɗaya da bango ya cire mata hula. Ni kuwa na ƙona arepa huɗu.

Sai dai da yamma take biya. In ta cire safar ciwon ya taso mata, ta zauna a baranda ta cije leɓe ta yi shiru, ita da ba ta san shiru ba. Na kasa jurewa. Na fara rufe rumfata ƙarfe huɗu ina hawa da kwalba. Barasar rake ce da kafur da ganye, wannan ta yarda da shi, ta ce barasa bushewa take yi ba ta barin komai. Abin da ban faɗa mata ba shi ne na zuba man ƙafar sa, wanda ake dafowa daga ƙafar shanu, cokali biyu a ciki. Da shi uwata ta yi jinyar ubana, da shi kakata ta yi, kuma har gobe in ka tambayi kowace tsohuwa a garin nan za ta rantse maka babu abin da ke shiga gaɓa kamarsa. Na ce a raina, cokali biyu me zai yi? Fata za ta shanye, kafur zai rufe warin. Ni da na ji dokar nan sau dubu, har ina taya ta faɗa wa mutane!

Nakan ɗumama kwalbar a ruwan zafi, in zauna a 'yar kujera, in ɗora ƙafarta a cinyata in yi ta murzawa a hankali. Muna hira. Muka tono mutanen da suka mutu, da gonakin da aka sare aka mayar wurin kiwon shanu, da ranar da alfadarin Aristóbulo ya cinye furannin ƙofar coci ana tsakiyar ɗaurin aure. Wani lokaci ta lumshe ido har in zaci barci ta yi. In na gama sai ta jawo safar ta mayar, don ba ta iya tsayuwa a gaban murhu ba tare da ita ba. Ina kallo audugar na shan abin da ya rage a kan fatar, amma ban faɗa mata ba. Da na ga ciwon na yin sauƙi, cokali biyu ya koma huɗu. Sati uku muna haka, kuma ba zan ɓoye ba, tun rasuwar nawa mijin ban yi yammacin da ya kai waɗannan daɗi ba.

Ranar Lahadin gari ya waye tas. Yolima ta iso tun Asabar. Kada wani ya ce yarinyar nan muguwa ce, na ga bakinta na motsi tana addu'a lokacin da uwar ta ɗora sanda a matakin farko. Saukowa lafiya lau. Aka shiga coci, fada, limamin cocin, ya ja wa'azi kamar ya manta da mu, aka fito. Leonila ta gaisa da mutane, ta sha kofi a tsaye a rumfata, ta goge baki ta ce, "To, mu je a gama."

Yolima na bayanta da taki biyu, hannuwa a buɗe, amma ba ta taɓa ta ba. Ni ina bayan Yolima ina ƙirgawa a zuci. Ashirin. Talatin. A na arba'in da ɗaya ta tsaya, ta sunkuya kamar mai sosa ƙafa, ta ja wani abu sama ta cikin siket.  Ta ci gaba. A na hamsin ta sake tsayawa, ta ja ta hagu, ta ja ta dama. Daga nan kowane mataki sai gwiwar hagun ta yi waje, sandar na karkarwa. A na hamsin da takwas na ga farin abu ya sauko ya taru a idon sawunta, duka biyun. Ta ɗaga ƙafa za ta hau na gaba, ƙafar ta ƙi. Ta sake gwadawa. Sannan ta juya a hankali ta zauna a kan dutsen.

 Ta zare safa ɗaya, ta ja ta da hannu biyu, ta saki. Ba ta koma ba, ta tsaya a yadda aka ja ta. Robar ciki ta yi danƙo, ta tsittsinke.

Yolima ta durƙusa tana kuka. "Mama, a bar shi. A sake gwadawa gobe. Ni ban ƙirga wannan ba."

"Ni na ƙirga. Hau ki sauko da akwatin da ke kan kabad. Bar ni in huta."

Yolima ta hau tana share ido. Na zauna kusa da Leonila. Na ce, "Komadre, ni ce. Kwalbar nan akwai mai a ciki, man ƙafar sa. Ni na kashe miki roba, ni na raba ki da gidanki. Ki zage ni, ki rotsa min sandar nan a ka, na cancanta."

Ko kallona ba ta yi ba. Tana ta ninke safar a cinyarta.

"Cokali biyu da farko," ta ce. "Daga baya kika ƙara."

Na ce, "Ashe kin sani?"

"Bere, hancin da ya yi shekara goma sha ɗaya a masaƙa za ki rufe da kafur? Tun kina bakin ƙofa na ji shi ranar farko."

"To don Allah me ya hana ki magana? Ke da kike cinye mutane ɗanye a kan ɗigon mai?"

Ta kalli rufin coci a ƙasa da mu, ta amsa.

"Na san ki. In na ce akwai mai, kunya za ta kama ki, ta koma fushi, ki daina hawowa. Gwiwar mutum nawa na riƙe a garin nan? Tun da Aristóbulo ya tafi, shekara goma sha huɗu ke nan, ba wanda ya ɗora hannu a tawa sai ke. Daɗi na ji, komadre. Ban so ya ƙare ba."

"Sai ki ba da gida sukutum saboda murza?"

"Ba bayarwa na yi ba, sakarya. Na zaci robar za ta kai Kirsimeti. Sati huɗu na ba ta, ta yi uku. Yau ne karo na farko da na yi kuskuren roba, kuma a kaina ya faɗa."

Na fashe da kuka a nan kan matakala, tsohuwa da ni, mutanen dandali na ɗago kai suna kallo. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta cusa safar a aljihun rigar sanyinta, ta miƙo min hannu.

"Tashe ni. Yanzu ai babu abin da ya hana a riƙe ni."

Na sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarta muka miƙe. Saura talatin da shida. Muka hau su ɗaya bayan ɗaya, tana ce min ina sauri, ina ce mata ta yi nauyi, kuma ko a mataki ɗaya ba ta sassauta riƙon da ta yi wa wuyana ba.